CEFANE A SHEKARUN ANNOBA: LABARIN JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

Garuruwan Jega da Aliero da Maiyama suna cikin ƙasar Gwandu, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato cikin 1991. Babbar hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero ta shiga Jega, daga nan ta miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora. A Jega kuma wata hanya ta rabu ta nufi Birnin Kebbi. Saboda haka duk abin da ya ke tafiya bisa hanya, ko buhun albasa ne, ko huhun goro, ko labari, ko cuta, da wuya ya wuce bai yada zango a ɗayan garuruwan nan uku ba.

Malam Buhari ɗan Abdussalami, mutumin Gimbana, shi ya kafa Jega wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara. Ba a daɗe ba kasuwarta ta yi suna, har a ke lissafa ta cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fataken Gwanja su kan sauke goro a nan, Nufawa da Yarbawa su kawo tufafi, mutanen arewa su zo da gishiri da kanwa da dabbobi, Sarkawa su kawo kifi. Da Turawa suka zo, kamfanoninsu suka kafa kantuna a garin. Aliero kuwa ta shahara da albasa da masu ɗori, Maiyama da ƙauyukanta suna noman gero da dawa da shinkafa. Arzikin ƙasar duka yana rataye da kasuwa. To, kasuwar nan da ta ke ciyad da mutane, ita ce kuma ta ke tara su wuri ɗaya sa'ad da taruwa ta zama hatsari.

YADDA GIDA YA KE CI

Kafin a gane wahalar cefane a shekarar annoba, sai a dubi yadda gida ya ke ci a shekarar lafiya. Manomi mai rumbu ya kan fid da dami ko ya auna hatsi ya ba matan gida. Amma tuwo ba ya ciwuwa gaya. Gishiri da daddawa da kuka da kuɓewa da barkono da mai da ɗan nama ko kifi, galibinsu sai an saya, kuma kaɗan kaɗan a ke saye, na yau daban, na gobe daban. Wanda ba shi da rumbu, kamar ɗan dako da ɗan garuwa da ɗan koli da mai wankin hula, shi har hatsin ma sai ya yi awo. Ya fita da safe ya nemo, da la'asar ya tsaya wurin ma'auna ya sayi mudu ɗaya ko biyu, ya kai gida a daka. Irin wannan zama shi a ke kira hannu baka hannu ƙwarya. Ran da bai fita ba, ran nan ba a ɗora tukunya.

Matan aure da yawa suna cikin kulle, amma suna da sana'a. Wata tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata fura, wata ƙosai, wata daddawa. Yara su ne ƙafafunsu. Su su ke kai talla, su su ke zuwa aike, su shiga wannan gida su fita wancan. Matan Fulani kuma su kan shigo da nono da man shanu daga ruga, su koma da hatsi da gishiri. Watau abincin gari ɗaya ya kan bi ta hannun mutum goma kafin ya kai akushi, in hannu ɗaya ya tsaya sai sauran su ji a jikinsu.

MARISUWA

Annoba ta farko da ta game ƙasa duka a zamanin Turawa ita ce murar 1918, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa. Ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko cikin Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan ta bi hanyoyin fatake ta shiga larduna, har da Lardin Sakkwato. An ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba a lokacin.

Abin da ya tsananta ta shi ne, ta zo da kaka, hatsi yana gona, kuma ta fi kayad da majiya ƙarfi, watau masu girbi da masu daka da masu ɗebo ruwa. Gida ya kan kwanta gaba ɗaya, ga dawa a tsaye a gona, amma babu mai yanka ta. Ba rashin abinci ya sa mutane yunwa ba, rashin mai kawo shi da mai dafa shi ne. A ƙasar Ibo ƙarancin hannu ya sa mutane da yawa suka karkata ga noman rogo, don bai kai doya wahala ba. A ƙasar Hausa babu maganin da likita zai bayar a lokacin. Wanda ya sami maƙwabcin da zai miƙo masa kunu da ruwa, shi ya fi samun damar tashi.

SANƘARAU

Marisuwa ta zo sau ɗaya ta wuce. Cutar da ta zama baƙuwar kullum a wannan ƙasa ita ce sanƙarau. An fara rubuta labarin annobarsa a Nijeriya ta Arewa cikin 1905. Wanda ya ɓarke cikin 1921 ya yi wa Lardin Sakkwato mummunar ɓarna, har lissafin hukuma ya nuna mutum wajen 45,000 suka rasu a lardin. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin lardin nan a wancan zamani. Cikin 1949 da 1950, a zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, ya sake tasowa, ya kama mutum wajen 93,000 a lardunan Arewa, fiye da 14,000 suka mutu. Cikin 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana iyakar ƙasashen da cutar ta fi addaba, ya nuna sun yi ɗamara a ƙarƙashin Hamada. Yau an san ɗamarar ta taso daga Senegal har Habasha, ƙasar Kebbi kuwa tana tsakiyarta.

Likitoci sun gano wata ƙwayar cuta ce, wadda ido ba ya gani, ta ke zama a maƙogwaro da bayan hancin mutum. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, suna cin kasuwarsu lafiya lau. Ta kan tashi daga wannan zuwa wancan ta wurin tari da atishawa da numfashi, musamman inda aka cunkushe cikin ɗaki marar taga. In hunturu ya busar da hanci, ƙura ta ƙuje shi, sai ƙwayar ta sami ƙofa ta shiga jini, ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuya ya sanƙare, hasken rana ya dami ido. Jariri kuwa maɗigarsa ta kan kumbura. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda ta kama su kan mutu. In an yi da wuri, wajen ɗaya cikin goma. Cikin waɗanda suka tashi ma akwai masu kurumcewa.

Abin lura a nan shi ne lokacinta. Ta kan fara da sanyin hunturu, ta yi ƙarfi cikin Maris da Afrilu da zafin bazara, sa'an nan da ruwan sama ya sauka sai ta ja da baya. To, waɗannan watanni su ne watannin ciniki. An gama girbi, hanya ta bushe, 'yan ci-rani sun fita, ana bukukuwan aure, albasar fadama ta nuna, baƙi sun cika gidajen fatoma suna kwana goma goma a zaure ɗaya. Manomin Aliero da ya yi wata huɗu yana ban ruwa, lokacin ne zai ga kuɗin wahalarsa. Kakar kasuwa da kakar sanƙarau rana ɗaya su ke kamawa.

DOKAR EN'E DA DOKAR CIKI

A zamanin En'e, in ciwo ya ɓulla, mai unguwa ya kan gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya aika wa Sarki da Di'o. Sai a yi rumfunan zana a bayan gari a ware majinyata, a hana taron biki da wasa, a umurci mutane su riƙa kwana a waje maimakon cikin ɗaki. Inda abin ya yi tsanani, a kan hana cin kasuwa. Tun daga 1938 aka sami ƙwayar magani da a ke kira M and B, wadda ta rage mutuwa ƙwarai, kuma da ita malaman asibiti suka yi yaƙin 1949 da 1950, suna bin ƙauyuka.

Amma hana kasuwa abu ne mai sauƙin faɗi. Sarkin kasuwa yana iya hana a kasa kaya a rumfa, ɗan doka yana iya korar mai tsayawa, amma babu mai iya hana yaro jin yunwa. In an rufe kasuwa, ciniki ba ya mutuwa, ƙaura ya ke yi. Ma'auni ya koma zaurensa, mahauci ya rataye nama a lungu, Bafillatana ta tsaya a gindin itace bayan gari. Mudu kuma ya yi tsada, don mai saye ba shi da zaɓi. Abin mamaki, zauren da aka koma ya fi kasuwar hatsari, gama kasuwa fili ce, iska tana kaɗawa, zaure kuwa rufe ya ke.

Gidan da ciwo ya shiga shi ya fi shan wuya. Mai gida yana bayan gari wurin jinya, ba ya nema. Uwar gida ta daina sana'a, ko kuwa in ta yi, masu saye su ƙi tallan gidanta don tsoro. A kan sayad da akuya ko a buɗe rumbun da aka ajiye don damina. Ga kuma masu zuwa gaisuwa da ta'aziyya, waɗanda ba a iya kora. Don gudun wannan, da gudun rumfar zana, waɗansu su kan ɓoye majinyacinsu har ya yi nisa. Gaba kura, baya siyaki: in an faɗa a rasa abinci, in an ɓoye a rasa rai.

Abin da ya riƙe mutane a irin wannan hali shi ne zumunci. Maƙwabci ya kan karɓi kuɗin cefanen gida uku ya tafi shi kaɗai. Ma'auni ya ba da bashi sai kaka. Dangi na ƙauye su aiko da dami. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma a shekarar annoba aike ya fi. Malamai kuma su kan tuna wa jama'a horon Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa kada a shiga ƙasar da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can.

KOWACE CUTA DA ƘOFARTA

Wani abin da aka daɗe ba a rarrabe ba shi ne, ba kowace annoba ce ta ke bin hanya ɗaya ba. Sanƙarau ba ya cikin hatsi, ba ya cikin fura ko ƙosai. Wanda ya ƙi sayen daddawar gidan majinyaci, sa'an nan ya je ya kwana cikin mutum goma a ɗaki ɗaya, ya guje wa inuwa ya rungumi gangar jiki. Kwalara kuwa, watau amai da gudawa, wadda ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970 ta bazu cikin 1971, ita ta bakin mutum ta ke shiga, cikin ruwan sha da abincin da ƙazanta ta taɓa. A shekararta abin tsoro shi ne ruwan gulbi, da ɗanyen ganye, da hannun da ba a wanke ba. Agana kuma, wadda ta daɗe tana makantad da mutane tana ɓata musu fuska, lamba ce ta kashe ta. Aka yi gangamin lamba tun daga 1967, ana tare mutane har a ƙofar kasuwa, cikin 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya. A nan kasuwa ta zama mai taimako, don babu inda ma'aikacin lafiya zai sami mutanen ƙauye ashirin a tare kamar ranar kasuwa.

DAGA 1996 ZUWA 2017

Sanƙarau mafi girma da aka lissafta a Nijeriya shi ne na 1996. Ya kama mutum fiye da 109,000, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa, har hukumar Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin hajji a shekarar. Ƙwayar cutar iri iri ce, likitoci sun sa musu haruffa. Mai harafin A ita ce ta yi wannan ɓarna. Cikin 2010 aka fito da sabuwar allurar rigakafinta mai suna MenAfriVac, aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta fara cikin 2011. Irin A ya kusan ɓacewa, mutane suka yi zaton an huta.

Ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Cikin 2013 wani sabon iri mai harafin C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, ya tsallako Kebbi. Cikin 2015, daga Fabrairu zuwa Yuni, ya kama mutum fiye da 6,000 a jihohin biyu, fiye da 300 suka rasu, Aliero kuwa tana cikin wuraren da ya fi tsananta. Ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, watau MSF, ta taimaka wa hukuma da jinya. Watannin nan su ne na ciro albasa da cika rudu da lodin motoci. A ƙarshen 2016 irin nan ya taso daga Zamfara, cikin 2017 ya kama fiye da 14,000 a ƙasa, ya kashe fiye da 1,100.

SHEKARAR KORONA

Cikin 2020 aka gwada rufe ƙasa irin wanda ko Turawa ba su taɓa yi ba. An sami mai korona na farko a Ikko ran 27 ga Fabrairu. Ran 30 ga Maris aka kulle Ikko da Ogun da Abuja, cikin Afrilu aka kulle Kano, ana gab da shiga azumi. Aka rufe makarantu, aka sa dokar hana yawon dare, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha har 1 ga Yuli, sai dai motocin abinci da magani. Iyakokin ƙasa kuwa tun Agusta 2019 su ke rufe, ba a buɗe ba sai Disamba 2020.

A Kano aka ga abin da tsofaffi suka sani tun zamanin En'e. Da yunwa ta matsa, hukuma ta ba da ranakun Litinin da Alhamis a fita a yi cefane. Sai mutanen kwana bakwai suka taru cikin kwana biyu, cunkoso ya fi na da. Ƙasar Jega kuwa ta hanya wahala ta same ta. Ko da ya ke doka ta yarda wa motocin abinci, shingaye sun yi yawa, mota ta kan daɗe a hanya, kuɗin dako ya hau. Albasa da tattasai ba sa jiran kowa. Manja da goro da garin rogo, da motocin su kan komo da su daga kudu, suka yi tsada. Da damina kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, kafin ƙarshen shekara albasa ta yi tsadar da aka daɗe ba a ga irinta ba a Nijeriya duka. Mutanen Ikko da ba su taɓa jin sunan Aliero ba suka san da ita a cikin tukunyarsu.

AZUMIN 2025

A farkon 2025 sanƙarau ya sake sauka. Cikin Maris hukumar lafiya ta Jihar Kebbi ta ba da sanarwa cewa mutum 26 sun rasu, mafi yawansu a Gwandu da Jega da Aliero, daga baya adadin ya ƙaru. Aka rufe jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero bayan rasuwar waɗansu ɗalibai. Rufe ta ya taɓa aljihun mutanen gari, gama masu abinci da masu shayi da masu kanti da 'yan acaɓa da yawa da ɗaliban su ke ci. Abin kuma ya zo daidai da azumi, wanda ya kama ran 1 ga Maris, lokacin da kowa ya ke fita da la'asar neman kayan buɗa baki, a cika masallatai da dare, ga zafi ga ƙura.

Amma wannan karo akwai makamin da mutanen 1921 ba su da shi. Tun 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da allurar da ta haɗa iri biyar, watau A da C da W da X da Y. Cikin Afrilu 2025 aka kawo fiye da miliyan ɗaya don jihohin da cutar ta taɓa, har da Kebbi.

ABIN DA SHEKARUN NAN SUKA KOYAR

Daga marisuwa zuwa yau an haura shekara ɗari. Wuri ya ba anini da kwabo hanya, sule ya ba naira, jaki ya ba babbar mota, amma talakan Jega da na Aliero da na Maiyama har yanzu kullum ya ke awo. Dokar da ba ta yi lissafin wannan ba, yunwa ce ta ke karya ta, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Abin da ya rage mutuwa a tarihin ƙasar nan shi ne magani da wuri, da lamba, da allura, da faɗin gaskiya in ciwo ya shiga gida.

Saboda haka mai gida ya kamata ya riƙe abin da ke hannunsa. In hunturu ya kama, a buɗe tagogi, a rage cunkoson ɗakin kwana. Wanda Allah ya hore masa, ya ajiye gishiri da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kuka na 'yan makonni, don a rage zirga-zirga. A yi cefane da sassafe kafin kasuwa ta cika, a bar ƙananan yara a gida, mutum ɗaya ya sayo wa gida biyu ko uku. In masu allura sun zo, a fito da kowa. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman mai sa'a, a kai shi asibiti nan take. Gidan da ciwo ya shiga kuma kada a guje shi. A aika masa da tuwo, a sayi ƙuli-ƙulin matarsa, don shekara mai zuwa ba wanda ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Allah ya sawwaƙe, ya kawo damina mai albarka, amin.